Yadda ake gyara kuskuren rubutu a takardun bayanin Python da makamantansu

Duk wanda ya koyi rubuta kod a Yamai, ko a ajin jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda, ko shi kaɗai cikin dare a kan kwamfutar da ya sayo ta hannu, ya san shafin docs.python.org. Da yawanmu ɓangaren Faransanci muke fara buɗewa, sai abu ya ƙi shiga kai mu leƙa na Ingilishi. Waɗannan shafuka mutane ne suka rubuta su, akasarinsu ƴan sa-kai, kuma hannu yakan zame: harafi ya faɗi, kalma ta maimaitu, a rubuta `recieve` inda ake nufin `receive`. Ba sai ka zama gwani ba kafin ka gyara irin wannan. Rubutun a fili yake, kowa na iya aika gyara, masu kula da shi kuma suna karɓa.

Gano kuskure ba wuya. Inda sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne sanin abin da ba a taɓawa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kafin komai, tabbatar kuskure ne

A wannan sana'a akwai kalmomin da aka rubuta ba daidai ba tun fil azal, kuma haka za su zauna. A ƙa'idar HTTP, wadda burauza ke bi wajen karɓo shafuka, akwai kan saƙo mai suna `Referer`, da r ɗaya a tsakiya, alhali Ingilishi r biyu yake sa wa kalmar. Kuskuren ya shiga takardar RFC 1945 a watan Mayu na 1996, duniya ta gina a kansa, shi ke nan. Abin dariyar, daga baya da aka ƙirƙiro `Referrer-Policy` sai aka rubuta shi daidai, ga kuma `document.referrer` na JavaScript shi ma daidai. A shafi guda za ka ga rubutun iri biyu, kowanne a mazauninsa. Ka daidaita su, ka lalata shafin. Haka `creat()` na Unix da ba shi da e a ƙarshe. An taɓa tambayar Ken Thompson, ɗaya daga waɗanda suka ƙera Unix, abin da zai sauya da zai sake ƙera Unix, ya ce harafin nan zai mayar. Python na da `asyncio.CancelledError` mai l biyu, Go na da `context.Canceled` mai l ɗaya. Duk abin da yake suna ne a cikin kod, injin da ke karanta shi bai san ƙamus ba, harafi da harafi yake bi.

Sai kuskuren da aka yi da gangan. Buɗe bayanin `difflib`, ɗaya daga laburaren Python, ka ga wannan misali:

`get_close_matches('appel', ['ape', 'apple', 'peach', 'puppy'])`

Amsarsa `['apple', 'ape']`. An karkatar da `appel` ne don a nuna yadda aikin ke lalubo kalmar da ta yi kama da ita. Wanda ya mayar da ita `apple` ya kashe misalin gaba ɗaya. A darasin da ke bayanin kurakurai ma akwai layin `while True print('Hello world')` da aka cire wa ɗigo biyu don mai koyo ya ga yadda Python ke ƙorafi.

Na uku, bambancin ƙasa. `behaviour` na Ingila da `behavior` na Amurka duk daidai ne. Wasu ayyukan sun zaɓi ɗaya suka rubuta a ƙa'idarsu, kamar MDN, shafin bayanin JavaScript da CSS, da ya ɗauki rubutun Amurka. Inda ba a zaɓa ba, bar wa marubucin abinsa. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci muna da namu tarkon: gyaran rubutu na 1990 ya halatta `évènement` tare da `événement`, da `connaitre` ba hula a kan i. Malaminka na firamare zai iya jan jan biro a kai, amma ba kuskure ba ne.

In kalma ta tsallake waɗannan ukun, kuma ƙamus ya tabbatar maka, to ka kama na gaske.

Nemo inda rubutun yake kwance

Shafin da kake karantawa a burauza ba shi ake gyarawa ba, ƙera shi ake yi daga wani fayil. Na Python yana rumbun `python/cpython` a GitHub, dandalin da ake ajiye kod, inda aikin ya koma a watan Fabrairu na 2017, cikin jakar `Doc/`. Fayilolin suna ƙarewa da `.rst`, manhajar Sphinx ce ke juya su zuwa shafuka. Adireshin shafin ma yana nuna maka hanya: `library/difflib.html` daga `Doc/library/difflib.rst` ya fito. A gefen kowane shafi akwai mahaɗin da ke kai ka ga tushen kai tsaye. Bayanin JavaScript da CSS na MDN yana `mdn/content`, fassararsa har da Faransanci tana `mdn/translated-content`. Na PHP yana `php/doc-en` da `php/doc-fr`, cikin XML. Rust kuwa bayanin laburarensa a cikin kod ɗin kansa yake, a layukan da suka fara da `///`.

Ka duba reshen `main`, wato babban reshen da ake aikin sabuwar siga a kai, tukuna. Sau tari wani ya riga ka, gyaran ne bai iso sigar da kake karantawa ba. A `main` ake gyara, ba a reshen 3.12 ko wani ba. In an karɓa, wani bot mai suna miss-islington ne ke kwashe gyaran zuwa rassan da ake ci gaba da kula da su. Python 2.7 kuwa an rufe babinsa ranar 1 ga Janairu 2020, kada ka ɓata lokacinka a can.

Sannan ka karanta `CONTRIBUTING` na rumbun, fayil ɗin ƙa'idojin aika gyara, ko da ka ƙosa. Python na da devguide.python.org.

Gajeriyar hanya: kalma ɗaya, daga burauza

In harafi ɗaya ne, ba ka buƙatar sauke komai, ko a siber kake, ko a salula. Buɗe asusun GitHub, je ga fayil ɗin, danna alamar fensir. GitHub zai yi maka kwafin rumbun a ƙarƙashin sunanka da kansa. Nemo kalmar, gyara, rubuta taƙaitaccen bayani, ka aika buƙatar haɗewa, wadda ƴan sana'a ke ce wa PR. Kafin ka danna na ƙarshe za a nuna maka layin da ka cire da ja, wanda ka sa da kore. Layi ɗaya ja, layi ɗaya kore, shi ne abin da ake son gani.

Doguwar hanya: a kwamfutarka

In kana son ka tsefe jaka guda, sai ka sauke. Yi kwafin rumbun a GitHub, sannan a taminal:

`git clone --depth 1 https://github.com/SUNANKA/cpython.git`

`--depth 1` ɗin nan kuɗinka yake tsare maka. In ba ka sa shi ba, tarihin aikin na shekara talatin da ɗoriya zai biyo ka, forfe ɗin da ka saya na mako ya ƙare kafin shayi ya nuna. Wanda ke da wifi a wurin aiki ya sauke sau ɗaya, sauran ƴan fada su kwasa da kile.

Shiga jakar `cpython` da ka sauke, ka gaya wa git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauye, sunanka da imel ɗinka. Imel ɗin da ka sa zai zauna a tarihin rumbun kowa na gani, don haka in ba ka so, GitHub na ba da adireshin rufa-asiri mai ƙarewa da `users.noreply.github.com`, yana cikin saitin asusunka. Sai ka buɗe reshe, kada ka yi aiki a kan `main`:

`git switch -c gyara-rubutu`

Tsohon git da bai kai 2.23 ba bai san `switch` ba, `git checkout -b` zai yi maka aikin.

Yanzu kayan bincike. Wanda na fi ba ɗalibai shawara shi ne codespell. Shi ba ƙamus yake ɗauke da shi ba, jerin sanannun kurakuran Ingilishi ne da gyaransu, shi ya sa ba ya cika maka allo da ƙorafi a kan sunayen kod kamar yadda manhajojin duba rubutu irin su aspell da hunspell ke yi. Sababbin Debian da Ubuntu ba sa barin `pip` ya zuba kaya a tsarin kwamfuta kai tsaye, sai ka yi masa ɗakinsa:

`python3 -m venv ~/kaya`
`~/kaya/bin/pip install codespell`
`~/kaya/bin/codespell Doc/library`

Abin da zai fito kamar haka ne: sunan fayil, lambar layi, sai `recieve ==> receive`. Akwai zaɓin `-w` da ke gyara fayilolin da kansa. Kada ka sake shi shi kaɗai. Haɗa shi da `-i 3` ya riƙa tambayarka ɗaya bayan ɗaya, ko ma ka bar shi ya nuna maka kawai, ka buɗe kowane layi da idonka. Kalmar da ka san daidai ce, `-L` zai sa ya ƙyale ta.

Akwai abin da codespell ba ya gani ko kaɗan: kalmar da take daidai amma ba a wurinta ba. `form` a madadin `from`, `it's` a madadin `its`, a Faransanci `a` da `à`, `ou` da `où`. Waɗannan sai mai karatu. Kalmar da ta maimaitu kuwa grep na kamo ta:

`grep -rnE '\b([a-z]+) \1\b' Doc --include='*.rst'`

Zai fito maka da `the the` da `to to`, amma zai haɗo da `that that` da `had had` waɗanda sau da yawa daidai ne. A Faransanci `nous nous` da `vous vous` za su cika maka allo, su ma lafiyarsu ƙalau.

In ka kama kuskure ɗaya, nemi ƴan'uwansa da `git grep -n recieve`. Wanda ya yi shi sau ɗaya yakan maimaita. Sai dai ka lura da inda sakamakon ya faɗa. `Lib/test` cike yake da rubutun da aka karkatar don gwaji. `Modules/expat` kod ɗin wasu ne aka aro, a gidansu ake gyara shi. Fayilolin da ke cikin jakunkunan `clinic/` kuwa inji ne ke rubuta su daga fayil ɗin C na asali. A can ake gyara, a kira `make clinic`. A karon farko ka tsaya cikin `Doc/`, ya ishe ka.

Tarkon da ke cikin fayil ɗin `.rst`

Wannan tsarin rubutu yana ƙirga haruffa. Kan magana ana ja masa layi a ƙasa da alamun `=` ko `-`, kuma layin bai kamata ya gaza tsawon rubutun ba. Ka ƙara harafin da ya ɓace a kan magana, dole ka ƙara alama ɗaya a ƙasa, in ba haka ba Sphinx zai yi ƙorafi. Haka teburorin da aka zana da `+` da `|`: ƙarin harafi ɗaya na tura sandar gefe, teburin ya wargaje. In ka ƙara harafi, cire fili ɗaya. In ka rage, ƙara fili.

Abin da ke tsakanin alamun nan kamar :func:`len` ko :class:`dict` mahaɗi ne zuwa wani shafi, ba zance ba ne. Kada ka taɓa cikinsa sai ka tabbata sunan ne aka rubuta ba daidai ba, ka kuma gwada a Python ka gani. Af, alamar nan mai kama da waƙafi a kwance, a kilabiyen AZERTY da yawancinmu ke amfani da shi tana kan maɓallin 7 tare da AltGr, kuma a Windows sai ka bi ta da fili kafin ta fito. Mutane kan sa ƴar'uwarta ta maɓallin 4 a madadinta, mahaɗin ya mutu ba su sani ba.

Gyara kan magana na iya sauya adireshin da ke kai wa ga sashen, musamman a fayilolin Markdown irin na MDN. Bincika da `git grep` ko wani shafi na nuni da tsohon.

Babban abin da nake roƙo shi ne kada ka sake jera sakin layi. Ka gyara kalma ɗaya, editanka ya ga layin ya ɗan yi tsawo ya sake naɗe sakin layin duka, mai dubawa ya tarar da layi goma sha sun sauya, ya rasa inda gyaran yake. Tela ne aka kai wa riga ya ɗinke maɓalli, ya dawo da ita ya rage hannu ya sauya wuya. Kuma ɓarnar ba a nan ta tsaya ba: duk jimlar Ingilishi da aka sauya, fassararta a Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da sauransu takan koma matsayin wadda sai an sake dubawa. Don kuskure na gaske, wannan wahala ta halatta. Don kawai jimlar ba ta yi maka daɗi a kunne ba, ka ɗora wa ƴan sa-kai na ƙasashe da yawa aikin banza.

Duba aikinka da:

`git diff --word-diff`

Wannan kalmomin da suka sauya kaɗai yake nunawa. Sannan ka ƙera shafin ka gani da ido: shiga `Doc`, `make venv`, sai `make html`. Na farkon yana buƙatar rezo, na biyun yana ɗaukar lokaci a kan ƙaramar kwamfuta. A watannin Afrilu da Mayu da kuran ke zuwa yana komawa, yi komit ɗinka, wato ka ajiye gyaran da `git commit`, kafin ka fara, batirin da ya tsufa ba abin yarda ba ne. Django ma, wani aiki da aka gina da Python, ya tanadi `make spelling` a jakar `docs`, da fayil ɗin `spelling_wordlist` na kalmomin da aka amince da su.

Ɓangaren Faransanci, inda aka fi buƙatarmu

A ganina ɗalibin Yamai ko Tawa ya fi amfani a nan. Idanun da ke kan rubutun Ingilishi ba su ƙirguwa, na Faransanci kuwa ƴan kaɗan ne, kuma mu ne masu karanta shi kullum. Takardar PEP 545 ta 2017 ce ta ba fassarori mazauni a docs.python.org. Ta Faransanci sunanta `python-docs-fr`, tana hannun AFPy, ƙungiyar masu Python da ke amfani da Faransanci, a git.afpy.org, sai ka buɗe asusu a can. Rassanta da lambar siga ake kiransu.

Fayilolin `.po` ne. Kowace jimla kashi biyu: `msgid` shi ne Ingilishin asali, `msgstr` fassara. A `msgstr` kaɗai hannunka zai sauka. In ka ga kuskure a `msgid`, ba nan ne gidansa ba, koma `cpython` ka gyara a can. Ka taɓa shi a nan, fassarar ta rabu da jimlarta, shafin ya fito da Ingilishi. Inda ka ga alamar `fuzzy` a saman jimla, ana nufin asalin ya sauya, fassarar na jiran dubawa. Kada ka cire alamar sai ka karanta biyun ka daidaita su.

Kayan aikinsu biyu za ka buƙata: pospell, wanda ke tura fassarar ga hunspell da ƙamus na Faransanci, da powrap, mai daidaita tsawon layuka yadda rumbun ke so. Kalmomin sana'a da ƙamus bai sani ba suna cikin fayil mai suna `dict`. Poedit na sauƙaƙa buɗe fayilolin ga wanda taminal ke ba shi tsoro.

Faransanci na sa fili kafin `:` da `;` da `?` da `!`, da cikin « », kuma fili ne na musamman wanda ba ya barin alamar ta faɗa sabon layi ita kaɗai, lambarsa U+00A0. A ido ba ka bambanta shi da na kullum. A Windows riƙe Alt ka buga 0160 a maɓallan lamba na dama. Mafi sauƙi, kwafo shi daga jimlar da ke kusa.

Aikawa da jira

`git commit -am "Docs: fix typo in difflib.rst"`
`git push origin gyara-rubutu`

GitHub zai ba ka mahaɗin buɗe PR. Rubuta jimla ɗaya: kalma kaza ce, a fayil kaza. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, amma a can mutum na da buƙatu da yawa a gabansa, ladabin shi ne ka taƙaita, ka yi godiya bayan an duba. A CPython gyaran harafi ba ya buƙatar ka buɗe rahoton matsala ko ka rubuta labarin sauyi. Akwai tambarin `skip issue` da `skip news` da ake liƙa wa irinsa. Bot zai nemi ka sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa ta gidauniyar Python, sau ɗaya ake yi. Go ma na da irin tata.

Kurakurai biyar a jaka guda, haɗa su a PR ɗaya. Kada ka raba su biyar don sunanka ya yawaita, kada kuma ka haɗa fayil ɗari da codespell ya taɓa ka ce a duba. Masu kula da rumbuna sun ƙone a watan Oktoba na 2020, lokacin Hacktoberfest, bikin turo gyara da kamfanin DigitalOcean ya shirya, da mutane suka yi ta turo gyaran banza don samun riga kyauta, har DigitalOcean ya sauya doka ya ce sai rumbun da ya yarda zai shiga. Tun daga nan ana yi wa gyaran rubutu kallon tsanaki, kuma wanda ya turo na gaskiya, ƙarami, mai tsabta, shi ake saurin karɓa.

Gwaje-gwaje za su gudana da kansu. In ɗaya ya yi ja, buɗe ka karanta. Galibi layin ƙasan kan magana ne ko fili da ya rage a ƙarshen layi. In an nemi gyara, yi a reshen nan dai, ka sake `git push`, PR ɗin zai sabunta kansa. In shiru, ba su wata guda kafin ka tuna musu, da jimla ɗaya. Idan an ce ba kuskure ba ne aka rufe, karanta dalilin, yawanci ɗaya ne daga ukun nan na farko.

Bayan an haɗe, goge reshen, ka janyo sabon `main` kafin ka buɗe wani. Wanda kuma ke rubuta bayanin nasa aikin da Hausa, codespell ba zai taimake shi ba, tunda Ingilishi ya sani. Ajiye fayil da UTF-8 don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su tsira, ka zaɓi ɗaya tsakanin ƴ da muke rubutawa a Nijar da 'y na Najeriya, ka rubuta zaɓin a `CONTRIBUTING` ɗinka, sannan ka riƙa bin fayilolin da `git grep -n "'y"` don kamo wanda ya kauce.